Malam Jumare da kebul marar lamba

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, za ka ji tarin babur ɗin Malam Jumare a ƙofar cibiyarmu. Na ce tari, don babur ɗin ya daɗe da daina ƙara irin ta babura. Zai jingine shi a gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ya rataya jakarsa wadda igiyarta ta sha ɗinki, ya amsa gaisuwar maigadi a tsaitsaye, ya wuce wani ɗan ɗaki da ke kusurwar babban zaure. A ɗakin nan akwatin ƙarfe yake, inda kebul na kwamfutoci ɗari biyu da hamsin suka taru. Zai sa bayan hannu ya ji ɗumin akwatin, ya tsaya ya kalli ƙananan fitilun da ke ƙiftawa, ya duƙa ya duba ko ɓera ya yi ɓarna. Sai ya gama da su sannan mu mutane muke samun tamu gaisuwar. Na sha yi masa tsiya cewa fitilun nan sun fi mu daraja a wurinsa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Malama Bashira, ke in ba ki da lafiya za ki faɗa. Su ba su da baki."

Ƙarshen watan nan Malam Jumare zai ajiye aiki. Cibiyarmu a nan Kontagora wurin koyon kwamfuta ce, kuma a nan ake zana jarrabawar shiga manyan makarantu. Ni ce mai rajistar ɗalibai, shekara goma sha huɗu ina kallon mutumin nan, don haka ba labarin wani zan ba ku ba. Da hawan turakun wayar tarho ya fara aiki yana saurayi. Da wannan aikin ya mutu, tsaransa suka koma gona da kasuwa, shi kuwa yana da shekara arba'in ya zauna a aji tare da sa'o'in 'ya'yansa ya koyi yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Yanzu ido ne ya ce ya isa. A cikin kowane kebul akwai silli takwas, siraran wayoyi masu launi daban-daban, sai an jera su yadda ya kamata kafin a matse musu kai, shi kuwa ya daina bambance kore da shuɗi.

Ni da na zo cibiyar, abin da na sani game da netwok shi ne abin da kowa ya sani: in akwai, akwai, in babu, a zagi wani. Malam ne ya raba ni da wannan jahilcin, kuma bai tambaye ni ko ina so ba. Haka yake. In ka kira shi gyara, to ka nemi kujera, don ba zai tafi ba sai ka fahimci abin da ya lalace. Zai ce maka kowace kwamfuta tana da lambarta kamar yadda kowane gida yake da adireshi, kuma saƙo ba ya tafiya sai da lambar wanda zai karɓa. Zai nuna maka wani faifan ƙarfe mai ramuka a jere a cikin akwatin, ya ce sunansa suwic, aikinsa aikin ɗan kamasho ne a tashar Rijau, ya san motar da kowane fasinja zai shiga. Sannan ya nuna maka rauta, ya ce ita ce ƙofar gida, duk saƙon da zai fita waje ta nan zai bi. "Intanet ɗin da kuke ta kira," in ji shi, "ba aljani ba ne. Kwamfutocin wasu mutane ne a wasu garuruwa, an haɗa su da namu. Shi ke nan."

Daga wurinsa na koyi cewa netwok na cikin gida daban, intanet daban. Kwamfutocin zaurenmu suna iya magana da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin jarrabawa ko da intanet ya ɗauke a duk faɗin gari. Daga wurinsa kuma na koyi tambayoyi uku da yake cewa a yi kafin a ɗaga murya: akwai wuta? Kebul na ciki? Fitila na ƙiftawa? Ya maimaita mana su har maigadinmu, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya haddace. Wata rana wani babban malami ya fito yana faɗa wai intanet ya ƙare, maigadi ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka kunna soket ba." Mun yi mako muna dariya, Malam kuwa ya yi mako yana alfahari.

Sai kuma al'adarsa ta filasta. Duk kebul da Malam ya shimfiɗa, sai ya naɗa masa farar filasta a kai da kuma ƙarshe, ya rubuta lamba ɗaya a duka biyun. Kebul na tebur na saba'in da uku yana ɗauke da saba'in da uku a ƙarƙashin tebur, yana ɗauke da saba'in da uku a cikin akwati. Mun sha cewa ɓata lokaci ne. Sista Helen, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Ibeto, ta gaya mini cewa da can sai sun hau babur zuwa kan tudu suke samun sabis su aika rahoton allurar yara. Malam ya je ranar hutunsa, ya kafa musu dogon ƙarfe a jikin tankin ruwa, ya jawo kebul zuwa ofis, ya naɗa filastarsa. Shekara bakwai ke nan, in abu ya tsaya sai ta kira shi a waya, ya ce, "Karanta mini lambar da ke hannunki," su gyara tare ba tare da ya taka Ibeto ba.

Duk wannan sananne ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne dabam, wanda shekara tara mu uku kaɗai muka sani, kuma ina da nawa kason na kunya a ciki.

Akwai wata mata mai yi mana shara, Salome, 'yar wajen Rijau. Maman Priscilla muke kiranta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, Priscilla ce babba, kuma ita kaɗai ta kai ƙarshen sakandare. Shekara tara da suka wuce, a cikin zafin bazara, Priscilla na cikin waɗanda za su zana jarrabawa a zaurenmu, rukunin ƙarfe takwas. Wata guda Salome ba ta da wata magana sai wannan. Ranar ta zo aiki tun gari bai gama wayewa ba, ta ce tana so zauren ya yi tsabtar da bai taɓa yi ba.

Da safen nan Malam ya jona wani ɗan gajeren kebul a suwic yana gwaji da kwamfutarsa ta hannu. Sai wuta ta ɗauke. Ya zare kwamfutarsa ya ruga wajen janareto, wanda ya zaɓi ranar ya yi gardama. Ya bar kebul ɗin, kai ɗaya a cikin suwic, ɗaya yana reto a ƙasa, ya kuma bar ƙofar ɗakin a buɗe. Salome ta ga ƙofa a buɗe ta shiga da tsintsiya. Tana cikin shara ta ga kan kebul a ƙasa. Ta ɗauka tsintsiyarta ce ta fizgo shi, kuma yau ce ranar 'yarta. Ta duba ta ga rami guda a jikin suwic babu komai a ciki, ta cusa shi, ta ji ya yi ƙas, ta gode wa Allah ta ci gaba da shararta.

Ƙarfe takwas yara suka zauna, aka kunna kwamfutoci, babu wadda ta buɗe tambayoyi. Duka ɗari biyu da hamsin. Daga baya Malam ya yi mini bayanin abin da ya faru. Idan kwamfuta tana neman wata ba ta san inda take ba, sai ta yi cigiya, suwic ya yaɗa cigiyar ta kowane rami. To idan kebul ya fita daga suwic ya sake komawa cikinsa, cigiyar da ya yaɗa sai ta dawo masa, ya ɗauka sabuwa ce, ya sake yaɗawa, ta sake dawowa. Cikin ƙiftawar ido hayaniya ta cika hanya, babu saƙon da zai wuce. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na gani shi ne yara suna zufa, wasu sun fara kuka, Priscilla a layi na uku ta haɗa hannuwa tana addu'a.

Jami'in da hukumar jarrabawa ta turo, Mista Matthew, ba mugun mutum ba ne, amma yana da takarda a hannu da doka a baki. Ya ce in ba a gyara cikin awa ɗaya ba zai soke zaman. Malam ya shigo hannunsa duk baƙin mai. Wuta akwai. Kebul na ciki. Fitilu kuwa ba ƙiftawa suke yi ɗaya bayan ɗaya ba kamar kullum, duka suna rawa tare kamar an zuba musu ruwan zafi. Ya tsaya ya kalle su, ya ce, "Hanya ta koma kanta." Ya durƙusa ya fara bin kebul da yatsa yana karanta filasta a bayyane, ɗaya, biyu, uku, mu muna tsaye a kansa muna ji kamar mu ture shi. A jere na huɗu yatsansa ya tsaya a kan kebul da ba shi da filasta. Ya bi shi, ya tarar da ɗaya kan nasa a ramin da ke kusa. Ya zare. Fitilu suka natsu. Daga zaure muka ji yara sun yi shewa.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin daɗi ne. Mista Matthew ya buɗe takardarsa ya ce, "Wa ya shiga ɗakin nan yau?"

Duk wanda ya san ni ya san bakina yana riga hankalina isa wuri. Na ce, "Na ga Maman Priscilla ta fito da tsintsiya wajen ƙarfe bakwai."

Ya ɗago kai. "Maman wa? Tana da 'ya a cikin masu jarrabawar nan?"

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Ya ce dokarsu a fili take: duk ɗan uwan mai jarrabawa da ya taɓa kayan jarrabawa, za a fitar da yaron, a soke sakamakonsa, a sa sunansa cikin masu maguɗi, shi kuma wanda ya taɓa a miƙa shi ga 'yan sanda. Salome na tsaye a bakin ƙofa, tsintsiyar har lokacin tana hannunta.

Malam ya miƙe daga durƙuson da ya yi, ya tsaya tsakaninta da jami'in. Ya ce, "Oga, dubi kebul ɗin nan. Nawa ne, daga jakata ya fito. Ni na jona shi da safe, ni na bar shi, ni na bar ƙofa a buɗe."

"Baba, ba wannan na tambaya ba. Wa ya cusa ɗaya kan?"

"Mabuɗin ɗakin nan a hannun mutum ɗaya yake. Duk abin da aka jona a ciki, a wuyana yake. Ita shara aka ɗauke ta ta yi, shara ta yi. Rubuta sunana. Jumare, da harafin J a farko."

Mista Matthew ya ɗora biro a kan takardarsa. Ya ce, "Ka san abin da zai biyo baya?" Malam ya ce ya sani. Jami'in ya duba agogo, ya dubi zauren, ya rubuta. Priscilla ta zana jarrabawarta ba tare da ta san an yi wani abu a kanta ba.

Bayan wata biyu takarda ta zo. An cire sunan Malam daga cikin ma'aikatan da aka yarda su shiga zaure ranar jarrabawa, saboda sakaci. Cibiya ba ta kore shi ba, don ta san in ya tafi ta shiga uku. Amma daga wannan shekarar, duk lokacin jarrabawa, shi zai shirya komai, ya gwada tebur ɗari biyu da hamsin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa mabuɗi ga wani da ake turowa daga Minna, ya fita ya zauna a kan benci a wajen ƙofa tare da iyayen yara. Shekara tara. Na sha wucewa in gan shi zaune yana jan carbi, idonsa na kan tagar ɗan ɗakin nan. A gari kuwa magana ta yaɗu yadda magana ke yaɗuwa. Har yau akwai masu cewa, "Ai shi ne tsohon nan da ya kusa ɓata wa yara jarrabawa." Na taɓa ji da kunnena a kasuwa, na ɗauki cefanena na wuce, na koma gida na kasa cin abinci.

Da yammar ranar da abin ya faru, Salome ta same shi a bayan zaure, ina wurin. Ta durƙusa tana kuka ta ce, "Baba, ni ne. Ni na sa shi. Na ce ko tsintsiya ne ya cire."

Ya ce, "Tashi, Maman Priscilla, na sani. Gyara kika yi niyya. Laifina na gaskiya ba ƙofa ba ce. Na koya wa malamai, na koya wa maigadi, ke da kike shara a bakin ɗakin nan kullum ban taɓa zaunar da ke na ce ga abin da ke ciki ba. Gobe ki zo da wuri." Sannan ya juyo gare ni, ina jiran faɗan da na cancanta, ya ce, "Malama, ke kuma gaskiya kika faɗa. Sai dai gaba ki riƙa bari ta huce kaɗan." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya fara koya wa Salome, matar da ba ta wuce aji uku na firamare ba. Ya fara da launuka takwas, ta haddace jerinsu kamar waƙar coci. Yau duk kebul da ke zaurenmu wanda aka yi cikin shekara uku da suka wuce, ita ta jera sillinsa ta matse kansa, shi yana zaune a gefe yana tambaya, "Me ke bin fari mai ratsin kore?" ita tana cewa, "Shuɗi, Baba, ka daina gwada ni." Har yanzu tana shara. Amma in netwok ya tsaya Malam ba ya kusa, ita ake nema. Priscilla kuwa ta ci jarrabawa, ta yi karatun ungozoma, tana aiki a wajen Rijau, yaran da ta karɓa a hannunta sun fi ƙarfin lissafina.

Malam Jumare, kai ne ka koya mana cewa abin da ba mu gane ba ba sihiri ba ne, bin sa ake yi da yatsa har a kai ga tushe. Kai ne ba ka taɓa ɓoye sani don a riƙa nemanka ba. Jumare, mai bin kebul har gida. Na yi fushi da kai sau da yawa saboda tsawon bayani, yau ina neman wanda zai tsare ni da bayani irin naka. Ina ƙaunarka ƙaunar da 'ya ke yi wa uba, kuma ina jin kunyarka, duka biyun gaskiya ne.

Ku kuma masu sana'ar nan da ke tasowa, masu gyara a ɓoye ku rufe akwati ku ce wa mutane ba za su gane ba, ku zo ku ga yadda ake yi. Ku koya wa duk wanda ke raɓar kayan aikinku, har da wanda kuke ganin bai kai ba. In kuma abu ya ɓaci a ƙarƙashin kulawarku, kada ku waiwaya neman wanda ya fi ku rauni.

Ban yi wannan rubutu da ra'ayin kaina ba. Makon jiya Salome ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Ta ce ta je Rijau ta zaunar da Priscilla ta gaya mata komai, sun yi kukansu sun gama. Ta ce, "Malama, ke kin iya rubutu. Ki rubuta a inda mutanen gari za su gani, ki sa sunana. Ki ce Salome ne ya jona kebul." Na ce mata Malam ba zai so ba. Ta ce, "Na sani. Shekara tara yana ɗauke mini kaya, ban ce komai ba saboda yarinya. Yanzu yarinya ta tsaya da ƙafarta. Ba zai tafi gida da abin da ba nashi ba."

To, Malam, ka yi haƙuri, ba mu nemi izininka ba, don mun san amsar da za ka ba mu. Mutanen Kontagora, ku ji: Jumare bai ɓata jarrabawar kowa ba. Salome ce ta jona kebul, ni Bashira na kira sunanta, shi kuma ya tsaya a gabanta. Allah Ya saka maka da alheri, Baba, Ya ƙara wa idanunka haske. Mun gode. Ka sauke kayan nan haka, masu shi sun zo karɓa.